Dawar da Muka Ci a Makokin Kawu

Daga Allah muka zo, kuma can za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu a ƙarshen bazarar nan. Yana zaune a ƙarƙashin rumfar gidansa a Gadarif da hantsi, an ajiye masa shayi bai ko taɓa ba, aka zo ɗaukar kofi aka tarar ya cika. Kusan shekara talatin ya yi yana koyar da aikin gona a jami'ar garinmu. Ni ma a sashensa nake koyarwa, shi ya yi ta ja na har na kai nan. Ranar ina garin Fau wajen ɗibar ƙasar gwaji, ban sami mota ba sai washegari, don haka ban ga fitar da shi ba. Zaman makoki na tarar, wanda mu a nan muke ce wa bika.

Tun daga bakin layi na ga jama'a ta rabu biyu. Malaman jami'a suna kan kujeru da fararen jallabiyoyi da rawuna. Manoman ƙauyukan Simsim da Basunda, waɗanda suka zo a bayan tarakta, suna kan tabarmi a gindin katanga. Kowane ɓangare yana satar kallon ɗayan. Wani malami ya tambaye ni da Larabci ko waɗannan duk danginmu ne. Wani manomi kuma ya tambaye ni da Hausa ko ashe Kawu duktur ne, wato dakta, na gaske, su duk zatonsu laƙabi ne. Wani tsoho daga Simsim ya tare ni a ƙofa, ya ɗaga hannu muka yi Fatiha, ya shafa, ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Al-baraka fikum, ya duktura," ya ce, ta'aziyyar da ake yi a nan da Larabci. "Shekara goma sha biyar mutumin nan yana zuwa gonata yana yi mini faɗa. Yanzu wa zai yi mini?"

A cikin gida mata sun kewaye Inna, matar Kawu, tana zaune a kan tabarma cikin fararen kayan takaba. An yi kuka, an gaji, an koma hira a hankali, kuma hirar ta kisra ce, wainar dawar nan mai faɗi da sirantaka da muke ci da miya. Kowa sai yabon ta yake yi. Fara ce, tana da laushi, ba ta karyewa a hannu. Wata maƙwabciya ta ce rabonta da irin wannan tun kafin yaƙi, ta tambayi Inna inda ta samo dawa haka a wannan shekara. Ba na jin Inna ma ta ji tambayar. Ni ma na ci. Na faɗa tun yanzu don kada a ce na ɗora wa wata laifi na tsame kaina. Falle uku na ci da miyar busasshiyar kuɓewa, ina hawaye ina kai loma.

Sai a rana ta uku na shiga ɗakinsa. Abin da na je dubawa shi ne iri. Shekara goma sha biyar Kawu ya yi yana neman dawar da za ta jure ƙuduji, ciyawar nan mai fure ja-ja da muke kira buda, wadda ke maƙale wa saiwar dawa ta tsotse ta har gona ta tashi a banza. Ya fara da iri ɗaruruwa, yana shukawa yana zubarwa, har suka rage tara, biyu daga cikinsu kuma yana ji da su ƙwarai. Da yaƙi ya koro mutanen Hartum da na Madani, ɗakunan jami'a suka cika da masu neman mafaka, sai ya kwaso irin ya kawo gida, ƙananan buhuna tara, kowane da takardarsa a ɗaure a baki. Ba su da kwafi a ko'ina. Na tarar da buhunan an kakkaɓe su an ninke a kan gado, takardun kuma an haɗa su an ɗaure da zare an ajiye a kan filo, kamar yadda ake adana abin da aka san mai shi zai nema.

Na fita na tambayi wata 'yar'uwarmu a fakaice. Ta ce ai tun ranar farko hatsin gidan ya ƙare, maƙwabtan da suka saba kawo tiren abinci su ma gidajensu cike suke da baƙi, ga jama'a sai ƙaruwa take yi. Inna ce ta ce a duba ɗakin Malam, akwai dawa. Aka juye duka a wuri guda aka kai injin niƙa. Inna ba ta iya karatu ba, kuma ranar ko sunanta aka tambaye ta sai ta yi tunani. Na koma na zura takardun a jakata, na rufe ɗakin, na yanke a raina cewa Inna ba za ta taɓa jin wannan magana daga bakina ba. Aikin ya riga ya tafi. Ban ga amfanin a ƙara mata da cewa ita ta tura shi inji ba.

Tun daga ranar nake ta tuna shi, kuma abin haushi, yawancin abin da ke zuwa mini dariya yake ba ni.

Kawu ba ya shiga aji sai da zangarniyar dawa a hannu. Zai ajiye ta a kan tebur ya yi awa biyu yana magana bai kalle ta ba, sai a ƙarshe ya miƙa wa wanda ya fi kowa zaƙewa ya ce ya faɗa masa wace iri ce. Fensirinsa a ɗaure yake da igiya a jikin littafinsa, saboda ya ce fensir da ɗalibi duk ba a sake musu. Aljihunsa kullum da tsaba. Ana tsakiyar taron malamai za ka ji ƙaras, Kawu ne yake tauna ƙwaya don ya ji taurinta. Haƙoransa biyu a wannan aiki suka tafi. A gonar gwaji kuwa, idan dawa ta fara fitar da kai, sai ya bi ta ɗaya bayan ɗaya yana rufe kawunan da jakar takarda don kada su yi barbara da na kusa. Mutanen Simsim suka daɗe suna ba da labarin duktur ɗin da ke sa wa dawa hula. Shi ko a jikinsa, har ma yakan tambaye su ko hular ta yi mata kyau.

Bai zama farfesa ba. Tsararrakinsa duk sun zama, har wasu daga cikin ɗalibansa. Ƙarin girma a jami'a da takardun da ka buga ake samunsa, shi kuwa Kawu sai a yi shekara uku bai fitar da ko ɗaya ba. In an yi masa magana sai ya ce takarda ana rubuta ta a wata guda, amma dawa sau ɗaya take ba da amsa a shekara, kuma ba ta san da kwamitin ƙarin girma ba. Ni wannan magana tana ƙona mini rai. Na sha zama in haɗa masa sakamakonsa a kwamfuta, in tsara komai, in ce saura ya sa hannu. Sai ya duba ta saman tabarau ya ce, "Duktura ta kwamfuta, bari mu ga damina ɗaya tukuna." Damina ɗayar nan na ji ta ya fi sau bakwai.

Abin da ya sa ba ya gamsuwa da wuri, ba awon buhu kaɗai yake yi ba. Duk irin da ya tsallake gona sai ya kai wa matan ƙauye mudu guda su niƙa, su yi kisra, su yi tuwo, su kwana da shi su ga ko zai saki. Yana da gurbi a jadawalinsa da ya rubuta wa "bakin mata". Akwai wani iri da ya jure buda sosai har muka fara murna, matan Basunda suka ce tuwonsa yana ɗaci in ya kwana. Kawu ya soke shi a ranar. Na ce masa babu mujallar da za ta tambaye shi ɗanɗanon ɗumame. Ya ce mujalla ba ta karin kumallo.

Akwai wani farfesa daga Hartum da ya taɓa kiran Kawu manomin jami'a a gaban taro, aka yi dariya, Kawu ma ya taya su. Yaƙi ya kawo mutumin nan Gadarif da jallabiya ɗaya da jakar magani. Kawu ya ji labari, ya neme shi a makarantar da aka sauke su, bai ce masa ya zo taimako ba. Cewa ya yi lissafin gwajinsa ya rikice, shi kuma kansa ba ya ja, ko farfesa zai taimaka ya duba masa. Ya ba shi teburinsa, shi ya koma kan benci. Kullum da safe mutumin zai zo ya duba lissafin da ni na san lafiyarsa ƙalau, don ni na yi shi, sai azahar su ci abincin Inna tare. Na yi ƙorafi cewa ana sa wani yana bin bayan aikina. Kawu ya ce in yi haƙuri, mutum yana iya jure yunwa ya fi ya jure a ce babu mai bukatarsa. A wajen bika farfesan nan bai zauna a kujera ba. Yana tsaye yana zuba wa mutane ruwan wanke hannu.

Faɗanmu na gaske guda ɗaya ne, kuma a kan irin nan ne. Duk wanda ya karanta aikin gona ya san ba a ajiye irin gwaji haka kawai. Ana cuɗa shi da maganin ƙwari, hodar nan mai launin ja, don kada ƙwaro ya ci, kuma duk wanda ya gan shi ya san ba na ci ba ne. Da ya kawo buhunan gida na sayo maganin na kai masa. Ya karɓa, ya juya shi, ya miƙo mini abina. Ya ce toka da ganyen darbejiya zai sa, yadda kakarsa take yi. Na ce wannan ba kimiyya ba ce. Na ce shekara goma sha biyar ce a cikin buhunan nan, ba hatsin sadaka ba. Na ɗaga murya a gabansa, abin da ban taɓa yi ba, har na ce masa shi ya sa har yanzu yake inda yake.

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya nuna mini tsakar gida. A lokacin iyali huɗu ne a gidan, 'yan'uwa da waɗanda ma ba mu san su ba sai da suka ƙwanƙwasa ƙofa, yara ko'ina, wasu sun yi kwanaki a hanya ba su ƙoshi ba.

"Ɗiyata, dubi gidan nan," ya ce. "Yaro mai jin yunwa ba ya karanta takarda, ba ya kuma tambayar launi. Hatsin da in an ci za a mutu ba zai kwana a ɗakina ba."

Na tafi da maganina. Sati biyu ban taka gidan ba, a jami'a kuma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Shi ya fara sauka. Ya aiko mini da gasasshiyar masara a cikin jarida, ya rubuta a gefen jaridar da fensirinsa cewa manomin jami'a yana gaida kimiyya. Ban taɓa ba shi haƙuri da baki ba, na koma gidan kawai muka ci gaba. Yanzu ga shi abin da na ji tsoro ya faru, ta hanyar da ban taɓa zato ba. Da ya bi maganata, da ko a gigice babu mai kai jan hatsi inji, da irin yana nan. Na yi ta juya wannan a raina ina neman in ji daɗin cewa ni ce da gaskiya, ban ji ba. Abin da nake gani kawai shi ne ɗaruruwan mutanen da suka ci suka tashi lafiya.

Bayan sati biyu shugaban sashenmu ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, shi ma ɗalibin Kawu ne. Ya ce damina ta kusa, an gyara filin gwaji, kuma yana so a fitar da irin da sunan marigayi, ko ba komai a yi masa bayan rai abin da ba a yi masa da rai ba. Ya ce in kawo buhunan. Na ce ɗakin a rufe yake, Inna tana takaba, ba na son in tayar mata da hankali. Ya ce haka ne, ya ba ni sati guda. Da satin ya cika na ce makullin ya ɓace. Ya kalle ni ya ce, "Ya ustaza, ruwa ba zai jira makulli ba." Na fito ina jin kunyar kaina, ni da nake kama ɗalibai da satar amsa.

Kullum bayan la'asar nakan biya wajen Inna. Ba mai yawan magana ba ce tun asali, takaba kuma ta ƙara mata shiru. Muna zama, in tsince mata wake, ta tambaye ni jami'a, in ce lafiya. Wani lokaci sai in ɗago in ga tana kallona, in mun haɗa ido ta mayar da kai ga carbinta. Na ɗauka kamannin da nake yi da Kawu take gani. Sau biyu tana cewa, "Aikin kawunki fa?" Ina cewa yana nan, ana shiri. Sai ta ce to, Allah ya taimaka.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka kwana kaɗan kafin arba'in. Wanda ya san Gadarif ya san ƙasarmu. Baƙar laka ce, da rani takan tsage har hannu ya shige, da ruwa ya taɓa ta kuma sai ta kumbura ta kama takalmi. Kwana biyar bayan ruwan Inna ta aika a kira ni da safe. Na tarar da ita ba a kan tabarmarta ba. Tana bayan ɗakin girki a tsaye, gefen farin zanenta duk laka. An kifa tsofaffin gadajen igiya guda uku a kan gefensu an kewaye wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, an toshe kusurwoyin da ƙaya. A ciki, a bin layin tsagar ƙasa, ga tsiron dawa, kowane da ganye biyu.

Ta ce a nan aka bakace dawar kafin a kai inji. Matan suna sauri, ta zuba da yawa. Kaji sun tsince ta sama, wadda ta faɗa cikin tsaga ba su kai gare ta ba.

Ta ci gaba, ba ta kalle ni ba.

"Tun ranar uku na sani. Na shiga in ɗauko takardun in ba ki, na ga kin riga ni, kika fito fuskarki kamar an zare miki jini. Shekara arba'in ina share ɗakin mutumin nan. Ban iya karatu ba, amma na san buhun da aka ɗaura wa takarda. Ranar rasuwar ce kawai ban san komai ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ni na niƙa wahalar mijina na raba wa mutane. Na ga kina ɓoye mini, na ce bari in bar ki, ke ma kina da naki kukan."

Ta ce kullum da safe tana zuwa nan ta duba. Ta so ta zuba ruwa tun tuni, ta tuna Malam ba ya son a tashi iri kafin damina, ta haƙura. Na rungume ta, abin da ban yi ba ko ranar da na iso, muka tsaya a cikin laka muna kuka, 'yan gidan suna leƙe suna komawa.

Da muka natsu na faɗa mata ƙaryar makullin da na yi a jami'a, ita kuma ta tambaye ni wanne ne mai kyan a ciki, wanda yake ji da shi. Na so in yi mata ƙarya ta uku, bakina ya ƙi. Na ce ban sani ba. Tara ɗin sun cakuɗe, babu mai iya rabewa da ido. Sai an bar su sun nuna, a ware kowane kai daban, a kai gonar da ke da buda, a shuka, a zubar da wanda ya faɗi, a sake shukawa. Mai yiwuwa biyun da yake so suna ciki, mai yiwuwa kaji sun cinye su. Ta ce shekara nawa ke nan. Na ce shida, ko takwas, in Allah ya ba da damina.

Ta shiga lissafi da yatsu. Na san abin da take lissafawa, ita ma ta san na sani.

"To," ta ce. "Ke za ki gani. Je ki faɗa wa mutanen jami'a gaskiya, ki ce ni ce, kada ki sake cewa makulli. Amma tsuguna tukuna ki ƙirga mini su."

Na tattare zanena na tsuguna a bakin gadon. Na bi tsagogin a hankali, na ƙirga sau biyu don kada in yi kuskure, na ce ashirin da uku.

"Da huɗu," in ji Inna. "Akwai ɗaya a ƙarƙashin ƙafar gado. Yau ya fito."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa abin da muka ci a makokinsa ya zame masa nauyi a mizani. Mu kuma ya ara mana rai da ruwan sama.